Zaren da Zai Sha Gishiri

A Peniche, bayan kasuwar kifi,
inda iska ke lasar ƙofa har fenti ya ɓare,
nan shagon babana yake, Amândio mai sandunan fatsa.
Kwarkwaro ɗari uku jere a bango,
shi kuwa yanar ido ta cinye masa launuka,
gani ya koma yatsu.

Ran Talata Leonel ya shigo, ƙarnin kifi na bin rigarsa.
Sanda yake so mai taku goma sha biyu,
ta jifa daga kan duwatsu,
zaren naɗin kuma ja,
irin jan da ke gefen jirgin wansa Telmo,
wanda ya fita da asuba shekara tara ke nan,
har yau farantinsa na kife.

Hannuna ya tafi ga alharini,
don shi ya fi shiga ido.
Baba ya gane kwarkwaron daga ƙararsa.
Ya ce, "Custódia, mayar.
Alharini ɗan rafi ne, ɗan lele.
Teku ba ruwanta da kwalliya,
bazara biyu, rana da gishiri sun tashi da shi.
Ɗauko nailan. Ba siririn ba,
wancan na ado ne a bakin naɗi.
Mai kaurin, da zai danne ƙafar zobe
ran da kifi ya ja, sanda ta tanƙware kamar baka."
Ya ɗame shi tsakanin haƙori da yatsa,
ya kaɗa, ya saurari kukansa.
Ya gyaɗa kai.

Ja bakwai muke da shi.
Na ɗora su kan tsohon hoton da Leonel ya kawo,
na huɗu ya faɗa daidai, ba ragi ba ƙari.
Baba ya ce, "Jiƙa shi."
Na sa a harshe.
Nan take ya rine, ya koma kamar hanta.
"Busasshen zare maƙaryaci ne.
In ƙaro ya hau shi, haka zai dawwama,
baƙin sandar na leƙowa ta cikinsa.
Nemo wanda bai kai ba tukuna."

Sai na ɗauko koɗaɗɗe,
launin ɓawon ƙaguwa dafaffiya.
Leonel ya girgiza kai: "Wannan ba shi ba ne."
Ban tanka ba.
Na tsoma shi a kofin ruwa, na shimfiɗa kan sandar.
Ya daɗe yana kallo.
A waje tsuntsayen teku na rigima kan kayan cikin kifi.
Can ya ce, a hankali,
"Haka yake in ruwa ya taɓa shi.
Ban taɓa ganin jirgin nan a bushe ba."
Ya ajiye rabin kuɗi, ya fita ya bar hularsa.

Da dare na zauna naɗi.
Fari a ƙasa, shimfiɗa, kada ƙarfe ya ciji sanda,
jan a bisa, sili kusa da sili,
babu mai hawa ɗan'uwansa.
In na matsa, nan za ta karye wata rana.
In na sassauta, gishiri ya sami ƙofa,
tsatsa ta biyo shi da kayanta.
Zobe takwas. Wuyana ya sage a na shida.

Baba ya bi su da babbar yatsa, idonsa a rufe.
A na uku ya tsaya.
Ni ban ga komai ba ko da fitila,
shi ya ji ratar da ba ta kai gashi ba.
"Launin naki ne," in ji shi. "Wannan kuwa nawa ne."
Ya miƙo mini reza.

Na yanke. Zaren ya warware ya zube a cinyata.
Na sake kamo bakin.
Hular Leonel na nan kan ƙusa,
ruwa ya fara cikowa a tashar jirage.